Sifilin da ke hana alhaji jin muryar gida

Shagona ba wani babba ba ne: benci ɗaya, akwatin gilashi na caja da batir, da yara biyu masu gyara, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Amma daga Shawwal zuwa farkon Zulhajji akwai aikin da ke cinye min rabin yini, kuma ba a kwance ko ƙusa ɗaya. Gyaran lambobin da ke cikin wayar maniyyata ne kafin jirgi ya tashi.

Lambar wayar Najeriya guda 11 ce, sifili ne a farkonta, kuma wannan sifilin na cikin gida ne kawai. Alhaji zai sauka Jidda ko Madina, ya sayi layin STC ko Mobily ko Zain, ya danna sunan uwargida yadda ya saba. Kamfanin can zai ɗauka lambar ƙasarsu yake nema, kira ba zai shiga ba. Daga nan sai zargi: ba sabis, ko mai shago ya cuce shi da mataccen layi. Alhali gyaran bai taka kara ya karya ba. A cire sifilin, a sa +234 a gaba, 0803 ta koma +234803.

Alamar tarawar nan ita ce ke wahalar da dattawa. A babbar waya sai ka danne sifili har ta fito. A yawancin ƙananan wayoyi masu madanni kuwa tauraro ake dannawa sau biyu da sauri. Wasu kan ce a sa 00 kawai, kuma yana yi a Saudiyya da Nijar. Ni dai ba na so, domin Amurka 011 suke sawa, mu nan 009. Alamar tarawa ko'ina tana ci, har bayan an dawo gida, ba sai an sake taɓa lambar ba.

Na kan tambayi tsohuwa, "Hajiya, su wa da wa za ki riƙa kira?" Sai ta ce, "Ɗan nan, kowa ma." In an zauna lissafi ba sa wuce goma. Su nake gyarawa, in kuma rubuta mata su da manyan lambobi a kati ta sa a jakar wuya, saboda waya na ɓata a cunkoson Mina. Ba na yanka kuɗin wannan aiki. Wanda ya zauna a bencina da wuya ya tashi bai sayi caja ko batir ba.

Na gida su ma sai an koya musu yadda za su kira layin Saudiyya: a sa +966, a yar da sifilin 05 ɗin da lambar ke farawa da shi. In ba a ajiye lambar haka ba, ko a WhatsApp ba za su ga alhajin a sabon layinsa ba.

'Yan kasuwa sun fi rikita ni, domin sun haddace "cire sifili" suna kai shi inda bai dace ba. Lambar Nijar guda 8 ce, ba abin cirewa, +227 kawai za ka ɗora wa na Maraɗi. Kamaru +237, lamba 9 mai farawa da 6. Gana +233, nan kam ana cirewa kamar tamu. Sai Kwatano, wadda ta ta da hankalin dillalan mota: a ƙarshen Nuwamban 2024 Benin ta ƙara 01 a gaban kowace lamba, suka koma guda 10, kuma wannan sifilin ba a taɓa shi, +22901 ake dannawa. Mutane sun yi ta zuwa suna cewa abokin ciniki ya kashe waya ya gudu da kuɗinsu. Kwaddibuwa ta riga su yin irin wannan sauyi tun 2021, masu hulɗa da Abijan su ma sifilinsu na nan bayan +225.

Kowace lamba na gyara, sai na sa mai wayar ya kira ta da hannunsa a gabana, har ya ji ta shiga, sannan in karɓi ta na bayansa.