Abin da bororo ke faɗa game da ɗinkin fata

Darasin da ya fi amfani a ɗakin duba masu ciwon fata shi ne zurfin bororo yana nuna wane haɗi ne ya tsinke. Ƙwayoyin saman fata ba a jere kawai suke ba. A cikin kowacce akwai zaruruwan wani furotin mai suna keratin, kuma waɗannan zaruruwa suna ɗaure ne a wasu maɗaurai da ake kira desmosom, kamar igiya a turke. Furotin desmofilakin ke riƙe zaren daga ciki, desmogilin kuma ya miƙa waje ya kama na maƙwabciyar ƙwaya. Idan aka ja fata, ƙarfin jan yana rarrabuwa a kan ƙwayoyi da yawa, shi ya sa ba ta yagewa.

Desmogilin iri-iri ne: na 1 ya fi yawa a hawan sama na ƙwayoyin saman fata, na 3 a hawan ƙasa da cikin baki. A ciwon femfigus bulgaris garkuwar jiki kan kai wa na 3 hari, don haka gyambon yakan fara a baki, bororon kuma ya zo da laushi, yana fashewa da wuri. Gubar ƙwayar cutar Staphylococcus aureus kuwa na 1 take yankewa: fatar jariri ta saɓule kamar ƙuna, amma bakinsa lafiya lau, domin na 3 ya rufe giɓin a can. Duba bakin majiyyaci bai kai minti ɗaya ba, kuma sau da yawa shi ke raba gardama.

Bororo mai tauri, cike da ruwa, wanda ba ya fashewa da sauƙi, daga ƙasa matsalarsa take, inda hawan ƙasa ke manne da shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa ta hanyar furotin ɗin kolajin 17 da laminin 332. Haka ciwon femfigoyid yake a tsofaffi. Idan kuma keratin 5 ko 14 ne aka gado da naƙasa, gogayyar takalmi ma ta isa ta fasa ƙwayoyin.

Wajen yankar samfurin fata don gwaji ake yawan yin asara. A ɗauki samfur mai faɗin milimita 4 daga gefen sabon bororo a sa a fomalin, ruwan adana samfur. Na biyu a ɗauke shi daga lafiyayyar fata da ke kusa, don gwajin gano furotin ɗin garkuwa, a sa a ruwan Michel (wani ruwan adana samfur na musamman) ko ruwan gishiri na asibiti. Fomalin yana lalata wannan gwajin. Tsohon bororo kuma ya riga ya fara warkewa daga ƙasa, sai ya ɓatar da mai karanta zurfinsa.