Kafin ka taya kaya a gwanjon intanet

Matasan da ke shagunan waya da kwamfuta a unguwar PZ ta Zariya sun fara leƙa shafukan gwanjo na ƙasashen waje, haka ma ɗaliban Samaru da Kongo masu neman laftof mai rahusa. Ban ga laifin haka ba, don akwai kaya masu arha a can. Matsalar ita ce yawancinku da halin cinikin kasuwar Sabon Gari kuke shiga, kamar yadda ni ma na shiga, kuma wannan halin ne ya fi cin kuɗina.

A wurinmu mai kaya zai ce dubu hamsin, ka ce ashirin, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ko ya sallama ma kana iya cewa bari ka je ka dawo, daga nan ba a ƙara ganin ƙeyarka. A shafin gwanjo kuwa duk kuɗin da ka rubuta ka danna, alkawari ka ɗauka. Wani dare na taya laftof iri ɗaya a wurin masu sayarwa daban-daban, da niyyar in ga wanda zai fi saukowa. Gari na wayewa na tarar biyu sun sallama, ni kuma kuɗin guda gare ni. Na biya ɗaya, ɗayan ya gaji da jira ya soke cinikin, aka rubuta a asusuna cewa na taya ban biya ba. A eBay, babban shafin gwanjo na Amurka, kwana huɗu ake ba mai saye ya biya, kuma masu sayarwa na da damar rufe wa mai irin wannan tabo ƙofa. Yanzu ma sau da yawa sai ka sa katinka kafin ka taya, ana sallamawa a cire kuɗin.

Kayan da aka sa wa farashi aka kuma buɗe ƙofar tayi, mai shi na iya karɓa, ko ya ƙi, ko ya maido maka da nasa farashin. Abin da ba ka gani shi ne, da yawansu sun riga sun gaya wa na'ura cewa duk tayin da bai kai kaza ba ta kore shi. Shi ya sa wani lokaci kana dannawa amsar ƙi take fitowa. Ba rowa ba ce, mutumin yana can yana barci. Kuma tayin ba ya yiwuwa ba iyaka, a eBay sau biyar ne a yawancin kaya. Wanda ya ƙarar da nasa a wasan rabin farashi, sai dai ya biya kuɗin da aka rubuta ko ya haƙura.

Gwanjo na ainihi, wanda ake ƙari kan ƙari, shi ya fi rikita sabon shiga. Mu ce ana gwanjon waya, an fara daga dala 100. Wani ya riga ka zuwa, ya gaya wa shafin a ɓoye cewa ƙarshen abin da zai biya dala 180 ne. Shafin ba zai nuna 180 ba, 100 zai nuna. Kai ka zo ka sa 120, kafin ka ƙifta ido farashi ya koma 122.50, an ce an wuce ka. Ka sa 130, ya koma 132.50. A irin wannan lokacin ne zuciya take hawa, ka fara ganin akwai wani ɗan rainin hankali da ke zaune yana jiranka. Babu kowa. Na'ura ce take ƙara wa wancan da ya riga ka kaɗan-kaɗan, a wannan matakin dala 2.50 duk ƙari, har ta kai iyakar da ya yanka. Ni kam na sha yin faɗa da na'urar nan cikin dare, ina ƙara biyar-biyar, har na ci gwanjon da farashin da ya fi na shago. Da tun farko ka rubuta 200 sau ɗaya, 182.50 za ka biya, ba 200 ba. Idan kuma iyakarka ta gaskiya 150 ce, ka rubuta ta ka kashe data. Idan mutum biyu suka sa kuɗi daidai, wanda ya riga shi ke ci, don haka masu wayo kan ɗora 'yan canji, su sa 151.30 maimakon 150.

Wannan tsari ya girmi intanet. Tun 1961 wani masanin tattalin arziki, William Vickrey, ya nuna cewa idan wanda ya ci gwanjo zai biya farashin mai bi masa ne, to babu dabarar da ta fi mutum ya faɗi ainihin abin da kayan ya kai a wurinsa. Ya samu kyautar Nobel a 1996.

Wani lokacin kuwa da gaske akwai hannu a ciki: mai kaya ya sa abokinsa ya riƙa taya kayan don farashi ya tashi, alhali ba saye zai yi ba. Shafukan sun hana, kuma malamanmu sun san shi da sunan najashi, hadisi ingantacce ya yi hani da shi. Gwanjon kansa halal ne, wannan maguɗin ne haram. In abokinka ya ce ka ɗan taya masa kayansa don a ga ana rububi, ka ba shi haƙuri. Ka kuma sani wasu kayan suna da farashin ɓoye da mai su ya ajiye, in ƙari bai kai nan ba, ko kai ne a sama babu ciniki.

Za ku ji ana cewa a jira sakan na ƙarshe kafin a taya. A eBay yana aiki, don lokaci na cika an rufe. Wasu shafukan, kamar gwanjon Yahoo na Japan, sukan ƙara mintuna idan an taya a ƙurarren lokaci. Amma gwanjon da zai rufe ƙarfe tara na dare a Kalifoniya, a Zariya asuba ce, sannan ga halin sabis ɗinmu. Na taɓa zama ina kallon waya tana juyawa har lokaci ya wuce.

Karanta bayanin kaya har ƙasa, ko da turancin zai ba ka wahala. Abu na farko da aka sayar a eBay, bayan Pierre Omidyar ya buɗe shi a 1995, ɗan fitilar nuni ne da ya lalace, a kan dala 14.83, kuma mai sayen ya san a lalace yake. Har yau shafukan cike suke da irinsa: waya mai kulle, laftof da aka ce na cire kayan gyara ne, hoto kuwa fes.

Iyakar da za ka rubuta kuma daga ƙarshe ake lissafo ta. Fara da nawa kayan yake a PZ yau. Cire kuɗin aikowa zuwa Legas ko Kano, da la'adar wakilin da zai karɓa maka a can, da kwastam, da kuɗin mota zuwa Zariya, da abin da banki zai yanka. Dala ma ka lissafa ta sama da yadda take yau, waɗanda suka yi ciniki a 2023 lokacin da aka saki naira sun san dalili. Masu hangen motocin Copart, kamfanin gwanjon motoci na Amurka, su ninka hattara, don kuɗin da kamfanin gwanjon yake ɗorawa mai saye daban yake, ga na dillali, ga na jirgin ruwa, kuma yawancin motocin haɗari suka yi ko ruwa ya ci su.