Abin da na koya a ƙungiyar Planetary Society

Na shiga ƙungiyar Planetary Society, mai goyon bayan binciken sararin samaniya, a shekarar 2015, bayan kumbon New Horizons ya wuce ta kusa da Pluto a ranar 14 ga Yuli ya turo hotuna. Ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma da na tashi neman bayanin da zan kai wa ɗalibaina sai na tarar cewa saura kaɗan wannan tafiya ba ta yiwu ba. A shekarar 2000 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta soke shirinta na zuwa Pluto saboda tsada. ’Yan wannan ƙungiya na cikin waɗanda suka hana maganar mutuwa, suka yi ta aika wasiƙu ga ’yan majalisar dokokin Amurka har aka ware kuɗi, kumbo ya tashi a Janairun 2006.

Mutum uku ne suka kafa ta a 1980 a birnin Pasadena na jihar Kalifoniya: masanin taurari Carl Sagan, da Bruce Murray wanda ke shugabantar JPL, cibiyar NASA mai ƙera kumbunan bincike, a lokacin, da injiniya Louis Friedman. Gwamnati na zaftare kuɗin binciken duniyoyi da hujjar cewa jama’a ba su damu ba. Su kuma suka ce to, a tara jama’ar a ƙirga su. Darasin farko da na ɗauka ke nan, kuma shi ya fi zauna mini: ɗan siyasa yana jin yawan mutane fiye da yadda yake jin hujjar masani.

Ni dai ba Ba’amurke ba ne, wasiƙata ba ta da nauyi a wurin sanatan da ba ni na zaɓe shi ba. Inda hannuna ya kai shi ne ɗan kuɗin da nake bayarwa da kuma aikin LightSail, wato kumbon ƙungiyar da hasken rana ke turawa.

Tun a shekarun 1970 Friedman ya yi aiki a kan kumbon da hasken rana zai riƙa turawa ba tare da mai ba, da nufin kai shi ga tauraro mai wutsiya na Halley, amma NASA ta ajiye shirin. Hasken rana yana da ɗan turi, kaɗan ƙwarai, wanda jikinmu ba ya ji. Idan aka shimfiɗa leda mai faɗi da ƙyalli a sararin samaniya, hasken da ke dukanta yana komawa zai riƙa ingiza ta, kamar yadda iska ke tura jirgin ruwa mai tanti. Ƙungiyar ta gwada a Yunin 2005 da Cosmos 1, wanda aka harba daga wani jirgin ƙarƙashin teku na Rasha, sai rokar ta lalace kafin ta kai. Kuɗin mutane ya bi ruwa. Abin da ya sa na amince da su shi ne ba su ɓoye wannan asara ba, suna faɗarta da bakinsu ga duk sabon shiga. Japan ta riga su da kumbon IKAROS a 2010, wannan ma ba su taɓa musantawa ba.

A ranar 25 ga Yunin 2019 rokar Falcon Heavy ta ɗaga LightSail 2 daga jihar Filorida. Ƙaramin kumbo ne ƙwarai, amma da ya buɗe ledarsa a ranar 23 ga Yuli faɗinta ya kai murabba’in mita 32. An kashe dala miliyan 7 a shirin, daga aljihun mutane kimanin 50,000. Hanyar da yake zagayawa ba ta yin nisa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu, don haka yana ratsawa ta saman arewacin Najeriya. Mun fita filin makaranta bayan magariba don mu hango shi, hadarin damina ya tsare mu, daga baya kuma hazo. Sai muka koma kan shafin ƙungiyar, inda suke nuna inda yake da ƙarfin batirinsa, kowa na iya gani kyauta. Na zana duniya a kan allo na nuna wa yara yadda yake juya ledar duk bayan kamar minti 50: idan ya doshi rana ya ba ta gefe, idan yana nisantarta ya ba ta fuska ta tura shi. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗauki murfin littafi tana juya shi a gaban fitilar waya har sauran suka gane. Tun daga ranar na daina koyar da wannan babi da baki kawai.

Ragowar iskar da ke can sama ta riƙa jan shi ƙasa sannu a hankali, ya ƙone a ranar 17 ga Nuwamban 2022. Kafin nan ƙungiyar ta riƙa miƙa wa injiniyoyin NASA bayanan da ta tara, kuma a Afrilun 2024 hukumar ta harba nata kumbon mai suna ACS3 daga ƙasar New Zealand, da leda mai faɗin murabba’in mita 80.