Godiya ga waɗanda suka taya mu maimaita wa Ummi

Assalamu alaikum. Jiya Asabar muka yi walimar 'yata Ummi a gidanmu da ke Agege a Legas, ta kai Sabbi, izu ɗaya cif. Na san wani zai ce, izu ɗaya har da walima? Wanda ya san abin da muka gani a shekara 3 ɗin nan ba zai tambaya ba.

Tana da shekara 4 zazzaɓin cizon sauro ya hau mata kai, ta yi ta jijjiga, kwana 5 ba ta san wanda ke kanta ba. Da Allah ya tashi kafaɗunta muka ɗauka shi ke nan. Ashe da saura. Kalmomin da ta sani kafin ciwon suna nan, ruwa, tuwo, Baba, amma sabuwa ba ta zama. Ka nuna mata ludayi da safe ta faɗa daidai, da azahar ka ɗaga shi sai ta zuba maka ido tana "abin nan, abin nan", har ta fashe da kuka don takaici.

Godiyata ta farko ga malamar asibiti mai koyar da magana a Idi-Araba. Sai da ta sa aka gwada jin Ummi, aka tarar kunne lafiya lau. Sannan ta zaunar da mu ta ce yaro kan riƙe sautin sabuwar kalma na ɗan lokaci a ka kafin ya adana ta, to wannan riƙon ne ya yi rauni, shi ya sa doguwar kalma ta fi ba ta wuya. Abin da wani yaro zai ji sau kaɗan ya kama, ita sai an yi ta nanatawa, kuma a rarraba: yau, gobe, jibi, da abin a hannunta, ya fi sau 50 a zama ɗaya. Kalma 5 take ba mu a mako. Na tambaye ta ko mu hana yarinyar Yarbanci da Turanci, don maƙwabta sun dage yaruka ne suka rikita ta. Ta ce sam, jin yare biyu ko uku ba ya jawo wannan.

Maman Ummi, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ludayin nan kwana 9 kika yi a kansa, ina ƙirgawa.

Ƙanina da muke sayar da kayan gwari tare a Mile 12, kullum sai ka dawo mata da abu guda a leda, ba ka miƙa mata sai ta faɗi sunansa. Attaruhu ya ba ku wahala, amma ga shi yanzu har tsokanarka take da shi.

Malam na Islamiyya, Allah ya saka da Aljanna. A makarantar da muka fara kai ta, daƙiƙiya aka kira ta a gaban yara, na yafe amma ban manta ba. Kai kuwa wani lokacin aya ɗaya kake biya mata mako guda, ba bulala, ba tsawa.

'Yan uwa da suka keto cunkoso daga Obalende da Alaba Rago, da matan gidanmu da suka kwana a bakin murhu, Allah ya bar zumunci. Gobe Litinin za ta ɗora daga Ɗariƙi, a sa mana ita a addu'a.