Lambun Shaƙatawa da Kuɗin Haya: Darasi daga Karatun Tsara Birane

A karatun tsara birane ana koyar da cewa lambun shaƙatawa yana rage zafi, yana tsabtace iska, yana kuma ba yara wurin wasa, kuma babu mai jayayya da wannan. Sai dai nazarin da muka yi kan High Line na birnin New York ya koya mini cewa kafin a dasa itace ko ɗaya, ya kamata mai tsarawa ya san ko su wane ne 'yan haya a unguwar, kuma me zai kare su idan ƙasa ta yi daraja.

High Line tsohon layin dogo ne da aka ɗora kan ginshiƙan ƙarfe a yammacin Manhattan. An buɗe shi a 1934 don jigilar kaya, jirgin ƙarshe ya bi ta kansa a 1980, daga nan ciyawa ta mamaye shi, har Joshua David da Robert Hammond suka kafa ƙungiya a 1999 don hana rushe shi. Daga baya aka mayar da layin lambun shaƙatawa, kashinsa na farko ya buɗe a 2009. Amma shekarar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce 2005, lokacin da hukumar birnin ta sauya dokar gini ta yammacin Chelsea, unguwar da layin ya ratsa, ta ba da damar gina dogayen gidajen zama a wurin da a da ɗakunan ajiyar kaya da garejin makanikai suka fi yawa. Tun ba a shimfiɗa hanyar tafiya ba, masu hannu da shuni sun riga sun san inda za su zuba kuɗinsu.

Mazauna gidajen gwamnati na Fulton da Elliott-Chelsea ba su tashi ba, domin hayarsu tana tafiya ne da abin da mutum yake samu, ba da farashin kasuwa ba. Duk da haka ƙananan shagunan da suke sayayya a cikinsu sun yi ta rufewa, miliyoyin baƙi kuma suka cika lambun, har mutum ya koma tamkar baƙo a ƙofar gidansa. Hammond da kansa ya amsa daga baya cewa aikin bai amfani waɗannan maƙwabta yadda ya kamata ba, abin da ba kasafai ake ji daga bakin mai aiki ba.

Shi ya sa tsarin lambun gadar titi na 11 a birnin Washington, wanda aka tsara ginawa a kan kogin Anacostia, ya fi kwanta mini a rai. A can, kafin a fara gini, an kafa asusun amana na Douglass wanda ke mallakar filaye don gidajen da ke kansu su dawwama da araha, an kuma taimaka wa 'yan hayan gabashin kogin Anacostia su shirya sayen gidaje tun farashi bai fi ƙarfinsu ba.