Renon kwakwar ado a tsakar gidan Garwa

Duk wanda ya tashi a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san giginya da goriba. Ba mai ba su ruwa, ba mai kare su daga rana, amma suna nan tsaye shekara da shekaru. Shi ya sa mutanenmu in suka ga ƙananan danginsu na ado a tukwane a ƙofar otal ko banki, sai su ɗauka halinsu ɗaya. Na jima ina renon su a tsakar gidana, kuma abin da na lura shi ne yawancinsu 'ya'yan kurmi ne, inuwa da danshin iska suka sani.

Iri uku gare ni. Akwai areka mai rassa rawaya-rawaya da ke fitowa tuli guda, asalinta Madagaska. Akwai 'yar ƙaramar da masana ke kira Chamaedorea elegans, daga dazuzzukan Meziko da Gwatemala, wadda ko a falo tana rayuwa. Sai gajeren dabino, Phoenix roebelenii, daga wajen Lawos da Biyetnam da kudancin Sin. Shi ne jarumin cikinsu, rana ba ta cika damunsa ba, sai dai akwai ƙaya a gindin ganyensa, a kula da yara.

Dattijon da na saya a hannunsa ya ce daga kudu aka kawo masa su, jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundare, mota ta ƙaraso da su. To shukar da ta saba da iskar Duwala, ka dire ta a Garwa cikin Maris ko Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ai ka san da wuya ta kai labari. Ni sai damina ta zauna, wajen Yuni, nake sayen sabuwa.

Tukunyar ƙasa nake sa su, mai huji a gindi, don roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa. Ina haɗa rairayin kogin Binuwai da takin shanu da ya ruɓe sosai da ɗan garin gawayi, in ɗora tukwanen kan bulo saboda gara.

Hunturu ne babban gwaji, ya ma fi bazara. Daga Disamba iska takan bushe ƙayau, ƙura ta lulluɓe ganye, bakin ganyen ya fara ƙonewa. Mai shuka na ganin haka sai ya ce ƙishi ne, ya yi ta ɗura ruwa safe da yamma, ƙasa ta jiƙe sharkaf, saiwa ta ruɓe, ganyen kuma bai daina bushewa ba, domin iskar ce ba ta da danshi. Abin da nake yi, in tara tukwanen wuri ɗaya a ƙarƙashin darbejiya, kusa da randa, in riƙa yayyafa ruwa a ƙasan wurin, in wanke ganyen da yamma. Ruwan tukunya kuwa sai na tura yatsa na ji saman ya sha iska tukuna.

A lokacin nan ne wani ƙwaro mitsitsi ke kama areka. Ba ka ganinsa sai ka juya bayan ganye, ka tarar da 'yar yana siririya da ɗige-ɗige rawaya. Ina daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana, in tace, in sa ɗan sabulu, in fesa bayan la'asar. Ruwan rijiyar burtsatse ma yakan bar farin gishiri a bakin tukunya. In na ga haka sai in kwarara ruwa da yawa har ya zube ta ƙasa, da ruwan sama in akwai ajiya.

Wata maƙwabciyata ta taɓa cewa in sare wa dabinon kai don ya yi rassa. Na ce, "Hajiya, ki rufa masa asiri, wannan ba mangwaro ba ne." Kowane kara tsiro ɗaya gare shi, can a tsakiyar kai, in aka sare shi karan ya mutu ke nan. Ko tsohon ganye ba na yankewa sai ya bushe ƙarau, don itacen yana janye abincin da ke cikinsa.

Mai son ya yawaita su, areka ta fi sauƙi. Da damina ake zare ta daga tukunya, a raba tulin da wuƙa mai kaifi, kowane kashi da saiwarsa, a ajiye a inuwa har ya kama. Ƙwaya kan ɗauki watanni kafin ta tsiro, ni ban da wannan haƙurin.

Akwai kuma wata mai taurin ganye da ake haɗawa da su wajen sayarwa, Cycas revoluta, 'yar asalin kudancin Japan. Ba danginsu ba ce, kuma ganyenta da 'ya'yanta guba ne ga dabba da mutum. Gidana akwai awaki, shi ya sa ban taɓa shigo da ita ba.