Iyakar Nauyin da Edita Zai Ɗauka a Batun Sabar Harshe

Tun da Microsoft ta fitar da ƙa'idar LSP (Language Server Protocol) a shekarar 2016, da haɗin gwiwar Red Hat da Codenvy, masu gina manhajojin rubuta kod, waɗanda ake kira editoci, suka huta da wani aiki mai cin rai. A da, sai kowane edita ya koyi kowane harshen shirye-shirye da kansa kafin ya iya cika wa mai rubutu kalma ko ya nuna masa kuskure. Yanzu wannan ilimin yana cikin wata manhaja dabam da ake kira sabar harshe, kamar clangd ta C da C++, da gopls ta Go, da rust-analyzer ta Rust, shi kuwa edita tambaya kawai yake aikawa bisa ƙa'idar LSP, a wani tsarin saƙonni da ake kira JSON-RPC, ya karɓi amsa. Abin da ya rage wa editan da tushensa ke buɗe ga kowa shi ne ya tsayar da iyakar nauyin da zai ɗauka.

A ganina, ɓangaren da ke magana da saba ya kamata ya zauna a cikin jikin editan, kada a bar shi a hannun ƙarin manhajojin da kowa ke rubuta nasa. Editan Neovim ya bi wannan hanya a sigar 0.5 a 2021, editan Emacs ma ya shigar da Eglot, ɓangarensa na magana da saba, a sigar 29.1 a 2023. Dalilin yana cikin ƙananan abubuwan da ido ba ya gani. Ƙa'idar LSP tun asali tana ƙirga matsayin harafi a layi da ma'aunin UTF-16, alhali editoci da yawa suna ajiye rubutu da UTF-8. Dukansu hanyoyi ne na ajiye haruffa a kwamfuta, amma lissafinsu ya bambanta. Harafin ƙ ko ɗ gurbi ɗaya ne a ma'aunin farko, amma bayit biyu ne a na biyu. Saboda haka idan mutum ya rubuta "ƙofa" a farkon layi, kuma editan bai juya lissafin daidai ba, jan layin kuskure zai sauka a gefen inda ya dace, sauya sunan wani abu a cikin kod kuma yana iya cinye harafin da ba ruwansa. Sai a sigar 3.17 ta LSP, a 2022, aka ba edita da saba damar daidaitawa kan ma'aunin da za su bi. Irin wannan gyara gara a yi shi sau ɗaya a tsakiya, kowa ya amfana.

Girka sabobin kuwa wani batu ne, kuma a nan na fi son edita ya kama kansa. Editan Zed yana sauko da sabobi da yawa da kansa, abin da ke sauƙaƙa wa sabon shiga, babu musu. Editan Helix kuwa yana zuwa da saitunan harsuna a fayil ɗin languages.toml, ya bar wa mutum girkawa, sannan umarnin hx --health ya nuna masa sabar da ya samu da wadda ya rasa. Tsarin Helix ya fi kwanta mini, domin saba manhaja ce da ke gudana a kwamfutarka tana karanta dukkan aikinka, kuma sau da yawa dole sigarta ta dace da sigar harshen da aikin ke amfani da ita. Ƴan sa-kai kaɗan da ke gina edita ba za su iya bin sawun sabobi masu ɗimbin yawa a Linux da macOS da Windows ba tare da aikin editan ya kwanta ba. Wanda ke son sauƙi yana iya ƙara abu irin mason.nvim, ƙarin manhajar Neovim mai girka sabobi, da saninsa.

Akwai kuma batun lasisi. Pylance, sabar Python ta Microsoft, ba buɗaɗɗiya ba ce, kuma lasisinta ya taƙaita amfani da ita ga manhajojin kamfanin, alhali Pyright da aka gina ta a kai buɗe take. Saitunan da edita ke zuwa da su ya kamata su nuna sabobin da kowa ke da izinin saukewa, ya duba, ya gyara.